Ɗumin Teburin Yaya

Manajanmu ya yi tafiyar kwana tara zuwa ƙasar waje, ya dawo mana da ciwon da ba mu da maganinsa. An kai shi ziyara hedikwatar wani babban kamfani, irin waɗanda ake buga hoton gininsu a mujallu, shi ke nan ya dawo ba ya iya kallon ofishinmu sai ya yatsine fuska. Mu fa kayan gyaran famfon ruwa muke sayarwa, mu talatin da ɗaya a hawa na biyu. Amma sai da ya tara mu ya haska mana hotuna sama da ɗari a bango. Ga ɗakuna na gilashi, ga ciyawa tana tsirowa a jikin gini, ga wasu kujeru kamar an fasa ƙwai an zauna a ciki.

"Haka za mu koma," in ji shi. "Komai da komai."

Dogo, mai kula da sito, ya raɗa mini cewa in har da albashinsu za a kwaikwayo, shi ya yarda a zaunar da shi a cikin ƙwan.

Wata huɗu aka yi ana aikin. Aka rushe bangayen da suka raba mu, aka kwashe durowoyin ƙarfe, aka jera fararen tebura marasa aljihu, kowanne da lambarsa. Aka cire agogon bango, wai a can ba a kallon agogo. Tagogin ma aka liƙe su saboda na'urar sanyaya ɗaki. Ciyawar bango ta gaske ta bushe cikin mako biyu, aka sa ta roba aka yi shiru.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi burge Manaja shi ne wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana da aka ɗaura a ƙarƙashin kowane tebur. Ɗumin jikin mutum take ji. A gaban teburina, inda nake karɓar baƙi da amsa waya, aka kafa babban allo mai taswirar ofishin: teburin da ke da mutum ya nuna kore, wanda babu kowa ya nuna ruwan toka. Aka jefar da littafin sa hannu. Teburin da ya yi kwana goma a jere bai ji ɗumi ba, na'urar da kanta za ta goge shi, ta goge mai shi daga jerin ma'aikata.

"A can ba a korar kowa," Manaja ya faɗa yana murmushi. "Tebur ne ke faɗin gaskiya."

Tebur na sha bakwai na Yaya ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu kuma ya samo mini aikin nan. Shekara ashirin da shida yana duba takardun kaya. Bai taɓa ganin sabon ofishin ba, domin tun ana fasa bango ƙodarsa ta kwantar da shi a asibiti. Sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda, kuma katin asibitin da kamfani ke ba ma'aikata shi ne ke riƙe da shi a gadon. Hutun jinyarsa ya ƙare daidai ranar da muka tare. Ko yaro ya san lissafin: kwana goma, tebur ya huce, katin ya mutu.

A kwana na shida na zo da robar ruwan zafi, irin wadda ake gasa ciki da ita. Na cika ta daga butar shayi, na naɗe ta a tsohuwar rigar sanyin Yaya da na tsinto cikin kayan da aka kwaso daga tsohon ofis, na ajiye a kan kujerarsa, na tura kujerar ƙarƙashin tebur. Kafin in koma mazaunina sha bakwai ya koma kore. Wallahi sai da na ji hawaye.

Dogo da mutum biyu suka raba aikin Yaya a tsakaninsu. Ni kuma duk bayan awa biyu in zagaya in sake ruwa. Manaja yana can sama cikin ɗakin gilashinsa, shi ba fuska yake kallo ba, allo yake kallo. A taron ƙarshen wata har ya yaba wa mai tebur na sha bakwai, ya ce ko fitsari ba ya tashi yi, mu yi koyi da shi. Dogo ya shaƙe da dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Kullum in an tashi aiki nakan biya asibiti. Wata ranar Laraba na tarar da matar Yaya a bakin ƙofar ɗakin da yake kwance, ta tare ni kafin in shiga.

"Auta, yayanki fa ya sake hali," ta ce. Auta suke kirana, har yau da furfurata. "Daga ƙarfe takwas na safe sai ya tashi zaune, ya miƙe baya, ya ƙura wa bango ido. Ba magana, ba barci. Yatsunsa kawai ke motsi kamar mai buɗe takardu. Jikinsa kuwa ƙanƙara, bargo uku nake rufa masa. Sai biyar ta buga zai faɗi a kan filo kamar an sake shi."

Na shiga na gaishe shi. Hannunsa da na kama sanyi ƙalau, kamar na wanda ya wuni yana wanki.

"Auta," ya ce da ƙyar, "ki gaya wa Dogo ya daina cin gyaɗa a kan takarduna. Duk ya ɓata su da mai."

Na yi dariya, na ce ai ka san Dogo. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma wannan ciyawar ta bango, wa suke yaudara? Ƙura ce kawai take tarawa. Ganyen da ke saitin kaina ma ya ɓalle, yana reto."

Ban taɓa ba shi labarin ciyawar ba. Na tambayi matarsa ko Dogo ya zo, ta ce rabonsa da zuwa tun watan jiya. Da safe kafin in ajiye jaka na wuce tebur na sha bakwai na ɗaga kai. Ganyen roba ɗaya ya ɓalle, yana reto a iskar na'urar sanyaya ɗaki.

Na ce wa kaina zafin ciwo ne da dacen baki. Na ci gaba da sake ruwa. Me zan yi?

Ranar Litinin motar da na hau ta lalace a hanya, ban iso ba sai tara da rabi. Na shigo a guje, robar tana cikin jakata, babu ko ɗigon ruwa a cikinta. Na kalli allo. Sha bakwai kore ne shar.

"Dogo, kai ka sa wani abu?"

"Ni? Na ɗauka ke ce kika zo da wuri kika fita."

Muka je tare. Babu komai a kan kujerar. Rigar sanyin da na bari a naɗe ranar Juma'a tana rataye a bayan kujera, kafaɗa a kafaɗa, yadda Yaya ke rataye ta. Fitilar saman teburin, wadda ba ta kamawa sai ta ga motsi, tana kunne. Na ɗora tafin hannuna a kan mazaunin kujerar, na ji ɗumi, irin ɗumin da kake tararwa in wani ya tashi ya ba ka wuri. Dogo ya ja da baya. Tun daga ranar ban sake ganinsa da gyaɗa ba, kuma in zai je sito sai ya zagaya ta bayan injin kwafi.

Kwana uku ban sa robar ba. Ƙarfe takwas daidai sha bakwai zai koma kore, ƙarfe biyar ya dushe. Takardun da aka ajiye a teburin da safe sai a same su da yamma a jere, gefensu ya daidaita, waɗanda ke da kuskure an juya su a kife. Babu mai yin haka sai mutum ɗaya. Mutanen da ke makwabtaka da teburin suka rage murya, wata ma ta fara cewa "sannu da aiki" in za ta wuce, sannan ta tuna ta kama bakinta. Ni tsoro nake ji, tsoron ɗan'uwana, kuma ina jin kunyar tsoron.

Likita ya kira mu, ni da matar Yaya. Ya ce wankin yana tafiya daidai, amma mutumin ba ya hutawa, zuciyarsa tana aiki kamar ta mai ɗaukar kaya, kuma shi bai gane dalili ba. In aka ci gaba a haka, ba ƙodar ce za ta fara gazawa ba.

Da muka koma ɗaki Yaya ya yafito ni. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe.

"Auta, ke kika kai ni wurin nan ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Na san don ni kika yi. Amma wurin ba shi da agogo, ba taga, hasken ba ya canzawa. In na so tashi sai in ji ana kallona ta ƙarƙashi. Shekara ashirin da shida ban taɓa roƙon kowa hutu ba." Ya numfasa. "Ki sallame ni, don Allah. Na gaji."

Matarsa ta biyo ni har bakin matakala, ta riƙe mini mayafi.

"Kar ki kuskura, Auta. Sambatun ciwo ne. In katin nan ya tafi, ina za mu kai shi? Ki dube ni, ki dubi 'ya'yansa. Ki yi mini alkawari."

Ban yi mata ba, ban kuma ce a'a ba. Ina son matar nan, tare muka girma kusan, kuma gaskiya ta faɗa.

Washegari na hau sama wurin Manaja, ko zai ji tausayi ya tsawaita hutun in na faɗa masa gaskiya. Na tsaya a tsakiyar ɗakin gilashin, kowa na ƙasa yana hango ni, na ce masa mai tebur na sha bakwai bai taɓa taka ofishin nan ba, yana asibiti wata biyar ke nan. Ya kalle ni, ya juya ya kalli ƙaramin allon da ke gabansa.

"Ga shi nan a zaune," ya ce.

"Ranka ya daɗe, leƙa ka gani da idonka."

Bai leƙa ba. Ya ce ya san hassada tana yawa a wurin aiki, amma bai zaci har tsakanin 'yan'uwa ba, in koma bakin aikina.

Na sauko na wuce sito kai tsaye, na ce Dogo ya ba ni sukuddireba. Ya ɗauko, ya riƙe a hannunsa.

"Kin san in aka cire na'urar ba sai an jira kwana goma ba? Masu ɗaurawa sun faɗa. Nan take za ta ɗauka an janye teburin."

"Na sani."

Ya miƙo mini, ya juya baya.

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna na durƙusa a gaban tebur na sha bakwai. Kujerar ta ƙi janyuwa, ta yi nauyi, don haka na rarrafa ta gefe. Ƙarƙashin teburin da ɗumi, har da ƙamshin man zafin da yake shafawa a gwiwa. Wurin ya yi mini kaɗan, kamar akwai ƙafafun da nake tsoron takawa.

"Yaya, gafara," na ce. "Ɗan matsa."

Na ji wurin ya buɗe. Kusoshi biyu ne kacal, amma sai da na yi ta fama. Da na'urar ta faɗo a tafina, kujerar ta gangara baya a hankali ita kaɗai, kamar yadda take yi in mutum ya miƙe. Babu wanda ya ɗaga kai a ofishin, amma babu wanda ke buga komai a kwamfuta. Na ɗauki rigar sanyin da jakata na fita, ban nemi izinin kowa ba.

Na isa asibiti rana tsaka. Tun daga baranda na ji munshari. Yaya yana kwance a gefensa, baki buɗe, ya ture barguna biyu da ƙafa, gumi yana tsattsafowa a goshinsa. Na taɓa hannunsa, na ji ɗumi.

Matarsa tana tsaye a gindin gadon da wata takarda a hannu. Ma'aikaciyar asibiti ce ta kawo ta yanzun nan, cikin ladabi, ta ce sunansa ya fita daga jerin kamfani, wankin gobe babu shi, kuma za a buƙaci gadon kafin magariba. Ta karanta ta sake karantawa. Sannan ta ɗago ta ga rigar sanyin a hannuna.

"Auta," ta ce. "Wa ya kori mijina daga aiki?"

"Ni ce."

Ta buɗe baki za ta yi ihu. Na riƙe hannunta da ƙarfi, ni ma ina kuka.

"Ki zage ni a waje, duk abin da kika ce na cancanta. Amma ki rage murya a nan. Yanzu ya samu barci."