Garar Murja Ta Bi Hanya Uku

Ana shekara ta biyu da fara yaƙin basasa aka sallami Isiyaku daga soja, ya dawo Gwammaja yana ɗingishi. Ya tarar an yi bikin ƙanwarsa Murja, saura kai gara gidan ango, can wajen Ƙofar Kabuga. Mahaifinsu ya rasu, don haka idon kowa na kan garar nan. In ta isa a wulaƙance, Murja ce za ta sha gori.

Gwaggo Mero, ƙanwar babansu, ta jera mata goma sha biyu, kowacce da kaya a ka, ga alkaki, ga nakiya, masu man shanu a tsakiya.

Isiyaku ya duba, ya girgiza kai. "Gwaggo, haka aka jera mu a kudu. Motoci bututu a siririyar hanya, tankar mai a tsakiya. Wuta ɗaya ta cinye komai. A raba su uku, kowa da lungunsa."

"Kai tafi can, soja marmari daga nesa. Gara ai don a gani ake yin ta. Wa zai ga mutum huɗu?"

"In ta zube ma ai za a gani."

Matan suka tuntsire da dariya. Gwaggo ta yi tsaki, amma ta yarda.

Isiyaku ya bi masu man shanu. Sun shiga wani matsattsen lungu ke nan, sai ga bijimi ya ƙwace wa mahauta, ya taho a sukwane. Isiyaku ya tura matan cikin wani zaure. Da yake su huɗu ne kacal, zaure ɗaya ya ɗauke su, bijimi ya wuce da igiyarsa. Ko cokali ɗaya bai zube ba.

A gidan ango kuwa, kashin farko ya iso aka rangaɗa guɗa. Ba a gama saukewa ba sai ga na biyu ta gabas. Da na uku ya ɓullo, uwar ango ta riƙe haɓa.

"Mero, wai garar taku ba ta ƙarewa ne?"

Gwaggo ta gyara gyale. "Ai Hajiya, lungu ɗaya ba zai ɗauke ta ba, shi ya sa na ce a raba."

Isiyaku na daga waje yana jin su. Ya yi murmushi. Can Murja ta aiko masa da alkaki biyu a ƙunshe cikin takarda, ya zauna a dakali ya miƙe ƙafar mai ciwon, ya ci abinsa.