Tukunya ta Bakwai

Ruwan da ke cikin tukunya ta bakwai ya yi kauri, ya koma launin madara, abin da bai taɓa yi ba. Auta ta tsaya tana leƙensa ta gilashin gefe, ta rasa ko murna za ta yi.

Shekara uku ke nan tana karatun digiri na uku, tana kiwon ƙwayoyin yis, irin na burodi, da aka sauya wa halitta don su riƙa fitar da maganin ciwon suga. A ƙaramar kwalba lafiya lau suke aiki. Da zarar ta juye su a babbar tukunyar ƙarfe, sai su mutu. Sau shida ana haka.

Malamai biyu ke duba aikinta, kuma ba sa ga maciji da juna. Injiniya, a hawan ƙasa, ya ce iska ce ba ta isar ƙwayoyin, ta ƙara gudun farfelar da ke juya ruwan. Farfesa, masaniyar ƙwayoyin halitta a hawa na uku, ta ce farfelar ce ke yayyaga su, ta rage. Ta ƙara, suka mutu. Ta rage, suka mutu. Ga shi saura wata ɗaya a rufe karɓar kundi.

Ranar da ta ɗora ta bakwai aka kira ta cewa babanta ya faɗi. Ta murɗa maɓallin saita gudun farfelar a gurguje ta fice, ba ta rubuta komai ba. Kwana uku ta yi a asibiti. Kafin ta dawo wuta ta ɗauke, na'urar da ke lura da gudun farfelar ta goge duk abin da ta adana. Ƙwayoyin kuwa ga su nan da ransu, sun cika tukunya da magani.

Injiniya ya duba sakamakon ya yi murmushi. "Ai na gaya miki. Gudu kika ƙara, ko?"

"Ranka ya daɗe, ni dai..."

Ya riga ya sa hannu a takardar amincewa da aikin.

Farfesa ta dafa kafaɗarta. "Kin ga amfanin sassautawa, 'yata." Ita ma ta sa hannu.

Auta ta sauko da takardar, ta zauna a gaban tukunyar. Tsohon da ke kula da ɗakin gwajin yana wanke kwalabe.

"An sa miki hannu, kuma kin zauna kamar an aiko miki da rasuwa?"

"Baba, ban san abin da na yi ba. Idan aka ce in maimaita fa?"

"Wa zai ce? Kowannensu ya samu abin da yake so."

Ta daɗe tana juya takardar. Sannan ta tura ta cikin aljihun tebur.

"A wanke mini ta takwas."

Tsohon ya goge hannunsa, ya janyo tukunyar. "A nawa zan saita farfelar?"

Auta ta ɗora yatsunta a kan maɓallin, ta rufe ido, tana jira ko hannun zai tuna.