Gado na Huɗu

Ƙarfe takwas da kwata na safe nas ɗin ta ba tsohuwar da ke gado na huɗu ƙwayar rage suga, ta tsaya har ta haɗiye. Takwas da rabi ta iso gado na tara, kusa da banɗaki, sai ta tarar da fuskar da ya kamata ta gani a na huɗu.

"Mama, me ya kawo ki nan?"

"Musanya muka yi, 'yata," in ji tsohuwar. "Ni fitsari ya hana ni sakat, ita kuwa iska take so. Ga taga can, ga banɗaki nan. Ko sai mun rubuto takarda?"

Nas ba ta yi dariya ba. Watanta huɗu a ɗakin mata. An koya mata ta tambayi suna, ta duba ɗaurin roba na wuyan hannu, ta gwada da katin magani. Amma yau gado ashirin ne a kanta, kowace tsohuwa Mama ce, ta huɗun kuma ta ja bargo har haɓa. Lambar gado kawai ta duba.

Matar da ta sha ƙwayar ba ta da ciwon suga. Ƙoda ce ta kwantar da ita, kwana biyu kuma ba ta ci abin kirki ba. Nas ta san lissafin: ƙoda ke fitar da wannan magani, in ta yi rauni zai zauna a jini yana jan suga ƙasa, ƙila har gobe.

Ta koma na huɗu. "Mama, ba ki ga ƙwayar ba irin taki ba ce?"

"Na gani mana. Na ce ko likita ne ya yi min ƙarin girma."

Ba wanda ya san kuskure ne sai nas ɗin, ko hannu ba ta sa a katin ba. Ta tsaya riƙe da biro. Sannan ta mayar da shi aljihu, ta nufi ofishin babbar sista.

"Sista, na ba mai ciwon ƙoda ƙwayar suga. Ba tata ba ce."

Babbar sista ta ajiye kofin shayi. "Wace iri? Guda nawa? Ƙarfe nawa?"

Ta faɗa.

"Kira likita, ki ɗauko abin awon suga. Kuka kuwa, ki ajiye shi sai an tashi aiki."

Awon farko ya nuna biyar da ɗigo huɗu. Likita ya ce a auna duk awa, a lallaɓa tsohuwar ta ci abinci. Cokali biyu ta karɓa, ta kau da kai. Ƙarfe goma, huɗu da ɗigo shida. Sha ɗaya saura, nas ta ga gumi ya jiƙa wuyan rigar tsohuwar, hannunta na karkarwa.

"An kwashe shanya?" tsohuwar ta tambaya, idonta a kan silin. "Hadari ya taso."

Babu ko girgije a sama. Awo ya nuna uku cif, suga ya faɗi.

Likita ya tura ruwan suga ta jijiya, a hankali. Nas na riƙe da ɗaya hannun, tana bin tsinken agogon bango. Minti goma sha biyar aka ce a jira. Da suka cika ta soki yatsa. Shida da ɗigo biyu.

Tsohuwar ta buɗe ido. "Ke yarinya, yatsun nan nawa so kike ki ƙarar da su?"

"Ba a gama ba," in ji likita. "Zai iya sake faɗuwa. A sa mata ƙarin ruwa kaɗan-kaɗan saboda ƙodar, awo ya ci gaba har gobe."

Da azahar aka buɗe ƙofar masu dubiya. Wani dogon mutum da kular abinci ya ja ya tsaya, yana kallon robar ƙarin ruwan da ke rataye a kan mahaifiyarsa.

"Ɗanta ne," in ji babbar sista. "Ke za ki gaya masa. Ina bayanki."

Nas ta goge hannu a jikin riga, ta nufe shi.