Buzun da Ya Faɗi a Bayan Sitad

Mijina Alhaji Sallau dillalin gyaɗa ne a unguwar Zango, mutum mai tumbi da ji da kai. Da lokotoro ya gwada shi ya ce tansiyo ta hau, wato hawan jini, in bai riƙa gudu da safe ba to ya fara sallama da iyali. Alhaji ya dawo gida yana huci. Wai shi, da furfurarsa, a gan shi yana gudu a Damagaram? Ai cewa za a yi ya taɓu, ko ya yi sata.

Allah ya taimake shi lokacin ɗari ne. Ya samo rigar sanyi ta gwanjo, ya naɗa baƙin rawani ya ja amawali har hanci, ido kawai a waje. Kowa a dunƙule yake, wa zai kula? Wata uku yana zagaya bayan sitad, filin ƙwallo, mutane suna cewa wani Buzu ne mai gadi. Tumbi ya ragu, jirin da ke damunsa ya tafi. Ni kam na ji daɗi, don ba na marmarin takaba.

Sai bazara ta shigo, irin wadda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Na ce, "Alhaji, ka tuɓe kayan nan." Ya ce in kula da tukunyata.

Ran wata Laraba wani ɗan kabu-kabu ya zo unguwa yana ba da labari: Buzun nan ya faɗi. Ko mayafi ban gyara ba na haye bayan ɗan kabu-kabun. Na tarar an kewaye shi ana masa fifita da kwali, amma ba wanda ya taɓa rawanin, wai Buzu ba a buɗe masa fuska a bainar jama'a. An ma aika a nemo danginsa. Mutum yana dahuwa a ciki, su suna ladabi.

Na durƙusa. Ya buɗe ido da ƙyar, ya ce, "Maryama, don Allah ki bari."

Na fizge rawanin, na sheƙa masa ruwa. Wani ya ce, "Af, ashe Alhaji Sallau ne."

Ya tashi, Alhamdulillahi. Amma tun ranar bai ƙara gudu ba. Yana zaune a zaure, tumbi ya dawo, jiya ma jiri ya kayar da shi wajen alwala. Har yau ni yake jin haushi, ba rana ba.