Tabon Wandon Mai Fenti

Duk matar da ta auri mai fenti ta auri wanki, wannan kam ba sai an faɗa ba. Matar Mai Fenti ta san tabo kamar yunwar cikinta: na bango yana fita in an jiƙa da wuri, na mai kuwa sai kananzir da dirza har hannu ya yi zafi. Shi kuma bawan Allahn, ga kunya ga son raha, kullum zai dawo gida kamar an tsoma shi a bokiti.

Lokacin da ya samu aikin shafa wa ƙofofin ƙarfe jan fentin hana tsatsa ne ta fara ganin wani tabo ja-ja a gaban wandonsa na ciki. Ta ɗaga wandon tana ƙyalƙyala dariya.

"Baban yara, kai dai ba ka da dama! Har nan ma fentin ya bi ka? Ko da burushin kake shiga banɗaki?"

Ya sosa ƙeya, ya yi murmushi. "Aiki ne, ya za a yi."

Shi ke nan ta samu abin tsokana. Aikin ƙofofi ya ƙare, ya koma shafa farin fenti a wani sabon gini, amma jan tabon bai daina zuwa ba. Sai ya ɓace na ɗan lokaci, ya sake dawowa. Kai, mutum dai ba ya rasa abin da zai kwantar wa kansa da hankali! Ta ce ai ragowar fenti ne a ƙarƙashin farcensa. Abin takaicin ma, tabon nan da ruwan sanyi da sabulu kawai yake fita, babu kananzir babu komai, kuma ita ce ta tsufa a wankin fenti. Maimakon ta tsaya ta yi tunani, sai ta dinga yabon sabulun har wajen maƙwabciya.

Ya fara ramewa, ta ce zafin rana ne. Ya fara dafe ƙugu in zai tashi, ta ce hawan tsani ne.

Wata safiya aka ɗauke ruwan famfo. Ya fito daga banɗaki da sauri yana neman bokiti, ita kuma kafin ya dawo ta shiga don ɗauko tsintsiya. Sai idonta ya faɗa kan fitsarinsa a masai. Ja ne, kamar ruwan da aka wanke nama. Innalillahi!

A asibiti likita ta tambaye shi, "Tun yaushe fitsarinka ya koma haka?"

"Kwanan nan ne," ya ce, kansa a ƙasa.

"Ba kwanan nan ba ne, likita," matar ta ce. "Ya fi shekara. Ni nake wanke wandonsa."

Likita ta ajiye biro. Ta ce fitsarin mai lafiya ruwan ɗorawa ne mai haske, in ya yi duhu yawanci ƙarancin shan ruwa ne, amma ja ba abin jira ba ne, musamman in ba ya ciwo, balle ga wanda ya daɗe yana shaƙar fenti. Aka yi hoto, aka yi gwaje-gwaje. Ranar da suka koma, likita ba ta ɓoye musu ba: ƙari ne a mafitsara, kuma ya riga ya bazu. Da tun farko ne, da aiki za a yi a cire shi. Yanzu sai dai a rage masa ciwo, a yi ta ƙoƙari.

Suka fito suka zauna a bencin baranda. Da haushinsa da haushin kanta, ta rasa wanne ya fi.

"Ka sani fa," ta ce. "Kullum kana gani da idonka. Me ya sa ka bar ni ina ta shirme?"

"Ba ya ciwo," ya ce. "Ga kuma kunya. Ta ina zan fara?"

"Ni ce fa! Ni za ka ji wa kunya?"

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce a hankali, ba da faɗa ba, "Maman yara, na yi ta jira. Da sau ɗaya kin tambaye ni ba da wasa ba, wallahi da na faɗa miki."