Kunkunniya a Jikin Zare

Abin da mutum ya shekara bakwai yana nema, kai kuma ka gan shi sau ɗaya ka ce ai kowa ya sani, mai sauƙi ne ko mai wuya? Har yau ban iya amsawa ba.

A 1986 ina ƙona bulon tanderu a unguwar Sultana ta Madina, wurin Baba Lurwanu, haifaffen garin. Iƙamata kuwa, wato takardar izinin zamana a ƙasar, direba ta ce.

Baba yana cuɗa yumɓu da wani farin zare da ba ya cin wuta. Da can yumɓun kan kama zaren ƙam, su karye tare. Shekara bakwai yana fasa bulo kafin ya gano a turara zaren da hayaƙi, kunkunniya ta rufe shi. Sai zaren ya riƙa zamewa kaɗan, tsaguwa ta zo kansa ta tsaya.

Wani injiniya da ya taɓa yini tare da mu ya je ƙasar waje ya yi rajistar dabarar da sunansa. Wani kamfani ya kai shi kotu don a soke rajistar. Wakilinsu ya zo mana da takarda, wai in rantse cewa duk mai aikin yumɓu zai iya gano wannan da kansa. Shaidar Baba ba ta isa ba, sai da wanda ya gani. A ƙasa akwai gurbin suna, sana'a da lambar iƙama.

Na ƙi. Ranar da takardar ta faɗa hannun hukuma, aka ga sana'ata ta saɓa da ta iƙama, mota ce zuwa Jidda, daga nan jirgi zuwa gida. Matata Zenabu ta daina buɗe ƙofa in an ƙwanƙwasa. Ni kuma ko farar mota ce ta tsaya bakin shago, sai in zaci hukuma ce, in shige bayan tanderu. Ga rantsuwar kanta, a garin Manzo. In na ce kowa ya sani, na shafe shekarun Baba. In na yi shiru, ɓarawo ya ci.

Baba bai roƙe ni ba. Da hantsi na same shi yana murza zare, idonsa ya fara mutuwa.

"Kai kaɗai ka ga waɗanda suka fashe, ɗana," ya ce. "Sauran mutane kuwa, mai kyan suka gani."

Da wakilin ya dawo, na soke layinsu na cewa kowa zai iya ganowa. Na rubuta shekarar da Baba ya fara da wadda ya dace. Ya ce wannan ma ya yi, tunda ya nuna Baba ya riga injiniyan, sai lambar.

Na ciro iƙamar, na kwafe lambar.