Kada Ta Yi Mushe

Har yau in wani ya ce mini "ai dabba ce kawai", ji nake kamar in watsa masa ruwan zafi. Na san dabba ce, ban taɓa cewa mutum ce ba. Amma ni na san wahalar da na sha a kan Gimbiya, kuma duk wanda ke gidanmu a Dayi ya sani, sai dai in ya ƙi Allah.

Kwananta uku a duniya uwarta ta mutu. Da bulumboti na raine ta, a kan tsohon buhu a gindin gadona, har ta tashi ba ta san ita tunkiya ba ce. Ba ta bin garke, ni take bi. In ina madafi tana bakin ƙofa, in zan tafi firamaren da nake koyarwa sai ta raka ni zaure ta tsaya tana kuka. Surukata Hajiya Hansai ta raɗa mata "autar Adawiyya", wato autata, kowa ya kama. Ni kuwa na sanar da gidan tun wuri: wannan ba ta layya ba ce, ba ta suna ba ce, ba ta kasuwa ba ce.

Da akuyar maƙwabciyarmu ta faɗi rana tsaka aka yanka ta kafin a san abin da ya same ta, sai tsoro ya kama ni. Na hau mota takanas na je Malumfashi wajen Malam Awaisu, likitan dabbobi, na ce ya gaya mini abin da ke kashe dabba farat ɗaya a yankinmu. Ya ce kumburin ciki, da maganin feshi, da takin yuriya, don fari ne kamar gishiri, dabba lasa take yi. Ya koya mini yadda ake ɗura wa dabba magani ba tare da an shaƙe ta ba. Na dawo na ɗinka jaka, na zuba kwalba biyu na ruwan khal, irin mai tsamin nan, da man gyaɗa da dakakken gawayi, na rataye a bayan ƙofa. Lambarsa kuma na rubuta ta ɓaro-ɓaro a bangon tsakar gida. Yaya Sanda, wan maigidana, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai an buɗe wa tunkiya asibiti alhali shi ciwon bayansa ko sannu bai samu ba.

To, shi ɗin dai mai dariyar shi ya ja mini.

Damina ta yi nisa, ana zuba wa masara taki na biyu. Yaya Sanda ya farke buhun yuriya a zaure, ya ɗebi na gona, ya bar sauran baki buɗe. Sau biyu ina roƙonsa ya riƙa ɗaurewa, ya ce dabbobin gidan nan sun girmi taki. Ranar Talata na dawo daga makaranta wajen ƙarfe ɗaya, ban ji kukanta a zaure ba. Na same ta jikin rumbu tana tangaɗi, jiki na ɓari, kumfa na zuba, haƙora na ƙaras-ƙaras, ciki ya fara tashi ta hagu. Ga farin abin nan a leɓenta.

Ban ko cire mayafi ba na kira Malam Awaisu. Ya ce in ɗura mata kwalba ɗaya ta khal ɗin yanzu-yanzu, in bi da ruwan randa mai sanyi, kada in ɗaga kanta sama, ga shi nan tafe a kan mashin. Na durƙusa na matse ta tsakanin gwiwoyina na fara ɗurawa ta gefen baki, kaɗan-kaɗan. Ban kai rabi ba na ji ana wasa wuƙa a dutsen bakin rijiya. Yaya Sanda ne, ya dawo daga gona, ko sannu bai ce ba ya naɗe hannun riga.

"Matsa, Adawiyya, kada ta yi mushe."

"Yaya, magani nake ba ta. Likita na hanya."

Ya ce shekararsa hamsin yana kiwo, bai taɓa ganin dabbar da ta yi kumfa irin wannan ta tashi ba. Hajiya ta fito daga ɗaki ta goya masa baya, ta ce dukiya ce, kuma barin dukiya ta lalace ana kallo almubazzaranci ne, Allah ba ya so. Maigidana yana kasuwar Funtua, wayarsa ba ta shiga. Ni kaɗai ce, sai tunkiyata a hannu.

Kada a ce ban san al'adar ba. A ciki na tashi. Dabba in ta faɗi, wuƙa ake nema kafin ruwa, kuma na sha cin irin wannan naman ban ji komai ba. Manomi ba ya wasa da asara, na yarda. Amma dukiyar wa? Shi ya saye ta, ko shi ya raine ta? Shi da ya bar buhun a buɗe, shi ne kuma zai tsaya mini a ka da wuƙa yana koya mini tattali! Na kwanta a kanta na rufe wuyanta da ƙirjina, na ce sai dai ya haɗa da ni. Shekarata goma sha tara a gidan ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya ja da baya yana salati, ya zauna a kan turmi, wuƙar a cinyarsa.

Na gama kwalbar, na bi da ruwa. Muka zauna. Can na ji ta yi gyatsa, doguwa, mai warin taki. Ɓarin ya fara raguwa. Na shafa bayan kunnenta, ta juyo da ido ta dube ni.

Sai wayata ta yi ƙara. Malam Awaisu ne, ya iso bakin titi, bai san lungunmu ba, ga ruwan jiya ya cinye hanya. Na yi kwatance ya kasa ganewa. Tsakar rana ce, duk maza na gona, babu wanda zan aika. Na dubi Yaya Sanda na ce ya taimaka ya je ya shigo da shi, ya ce bayansa. Na ce to ya yi mini alkawari ba zai taɓa ta ba har in dawo. Ya ce ya yi. Na ce Hajiya shaida ce, ta ce in je kawai, ba yara ba ne su.

Da gudu na tafi, ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa. Minti goma bai cika ba muka dawo, ina gaba yana biye da mashin. Tun kafin mu kai ƙofa na ga jan ruwa yana fitowa ta kwatar gidanmu, ƙudaje har sun fara taruwa.

Na shiga na tarar ya fuskantar da ita alƙibla, ya gama, yana goge wuƙa da ganye. Ya ce in yi haƙuri, ina fita ta daina ɓari gaba ɗaya, ta kwanta shiru ta miƙe wuya, cikin ma ya saki, shi ne ya ga tafiya ce ta zo. Ya ce da ya tsaya jiran alkawari da an yi biyu babu.

Malam Awaisu ya tsuguna ya danna cikin, ya buɗe bakinta ya duba.

"Malam Sanda, rai na Allah ne," ya ce. "Amma wadda yuriya za ta kashe shure-shure take yi har ƙarshe. Wannan shirun da ka gani, maganin ne ya fara kama ta."

Na jira in ga ko kunya za ta kama shi. Wallahi ko gezau. Ya ce to kwananta ne ya ƙare, ya kuma tambayi likitan ko naman zai ciwu. Tambayarsa ke nan, ina tsaye, mayafina jiƙe da kumfarta. Malam Awaisu ya ce a binne kayan cikin, kada ko kare ya ci, ya yi mini ta'aziyya kamar yadda ake yi wa mutum, ya tafi. Shi kaɗai ya yi mini ita a gidan nan.

Bayan la'asar Hajiya ta ɗaga labulena da kanta, da tire a hannu, an yanyanka naman an wanke tas. Ta ce in tashi in sa wa zuciyata ruwan sanyi, baban Rukayya, wato maigidana, zai saya mini wata ran kasuwa, kuma yau ni ce da girkin gida, kowa ya san babu mai hannuna a farfesu.

"Hajiya, ki gafarce ni," na ce. "Yau ko za a kwana da yunwa ba zan hura wuta ba."

Ta tsaya kallona kamar na zage ta, ta juya da tirenta. Matar Yaya Sanda ta karɓa. Na rufe ƙofa, na rufe taga, na toshe ƙasan ƙyaure da zane, na zauna a ƙasa ina kuka ina tsine wa taki da wuƙa da ƙafafuna da suka kai ni bakin titi. Duk da haka ƙamshin ya shigo, da citta da kanumfari da komai. Tun kokon safe ban sa komai a bakina ba, kuma ina zaune ina kukan na ji cikina ya yi ƙugi.